Tabon Tsakuwa a Jikin Mota: Yadda Ake Dusashe Shi, da Yadda Ake Hana Shi Zama Tsatsa

Duk motar da ta daɗe tana bin hanyoyin ƙasar Sabon Birni da Isa, in an dubi gabanta da kyau, za a tarar da ƙananan tabo birjik, kamar fuskar wanda ya yi zanzana. Waɗansu fari-fari ne, waɗansu toka-toka, waɗansu kuwa sun soma ja. Tsakuwar hanya ce ke yin wannan aiki. Yawancin masu motoci ba su kula da shi, gama a ganinsu abin bai kai ƙwayar gero ba. Amma fenti shi ne garkuwar ƙarfe, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ramin da bai kai ƙwayar gero ba a watan Afrilu, shi ne kan zama kumburin tsatsa a ƙarshen damina, har wata rana ya huda ƙarfen.

Ga mutumin da mota ita ce gonarsa, wannan asara ce. Motar da gabanta ya ci tsatsa kuɗinta kan faɗi ran sayarwa, gyaranta kuwa sai an kai ta birni, ta kwana a hannun mai gyaran bodi ba ta samo ko sisi ba. An shirya wannan bayani domin a nuna yadda mai mota zai yi maganin tabon da kansa a gida, da kaya kaɗan. Ya kamata a san gaskiya tun da fari: aikin hannu ba ya ɓatar da tabo ƙurmus kamar ba a yi shi ba. Abin da ya ke yi shi ne ya rufe ƙarfen, ya kuma dusashe tabon har ido ba zai kama shi ba sai an sunkuya an nema. Wannan kuwa ya isa.

Hanyoyin Ƙasar Gobir

Bayan da jirgin ƙasa ya iso Ƙaurar Namoda a 1929, manyan motoci sun riƙa jigilar amfanin gona daga wajen Isa da Shinkafi zuwa tasha, bisa hanyoyin burji. Daga baya aka shimfiɗa kwalta a manyan hanyoyi, kamar wadda ta taso daga Sakkwato ta bi ta Goronyo zuwa Sabon Birni, da wadda ta haɗa Sabon Birni da Isa har Shinkafi. Amma motar da za ta shiga ƙauyuka, irin su Burkusuma da sauran garuruwan bakin iyakar Nijar, tilas ta sauka daga kwalta ta bi burji da rairayi. Ko bisa kwaltar ma akwai tsakuwa: inda ta farfashe, inda aka cike rami da marmara, da gefen hanya inda motoci kan kauce wa juna.

Ƙasar kuwa ƙasar gulabe ce. Bunsuru da Gagere su ne suka haɗu suka zama gulbin Rima, gulbin Maraɗi kuma ya gangaro daga Nijar ya zuba a ciki. Da damina mota kan ratsa fadama ta kwaso laka, lakar ta manne a gindin ƙofofi da bayan tayoyi ta riƙe danshi kwana da kwanaki. Watau rani ya fasa fentin da tsakuwa, damina ta zo ta shigar da ruwa. Ga shi kuma a shekarun nan rashin tsaro ya sa tafiya birni ta yi wuya, ba kowane lokaci mutum zai so ya hau hanyar Sakkwato domin ƙaramin gyara ba. Saboda haka sanin wannan aiki a gida yana da amfani ƙwarai.

Yadda Tsakuwa Ke Ɓantare Fenti

Taya kan cafki tsakuwa a cikin zanenta, ta juya da ita, ta watsar sama. Tsakuwar ba ta da wani gudu mai yawa ita kanta. Motar da ke biye ce kan zo ta same ta a iska da nata gudun. Don haka gudun mai bin baya shi ne ma'aunin ɓarna. Masana sun tabbatar cewa in gudu ya ninka sau 2, ƙarfin bugu kan ninka sau 4. Tsakuwar da ta bugi mota tana tafiyar kilomita 80 a awa, ta buge ta da ƙarfi ninki 4 na abin da za ta yi da a ce motar tana tafiyar kilomita 40.

Wuraren da suka fi shan duka su ne leɓen murfin inji, watau bonet, da bamba, da bayan madubai, da goshin rufi bisa gilashin gaba. Gindin ƙofofi da bayan tayoyi kuwa, tayoyin motar ne da kansu ke feshe su. Tun ran 2 ga Afrilu 1972 da Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, motar da ke tahowa ta hagu ta ke giftawa. Shi ya sa akan ga gefen hagu ya fi samun tabo daga tifa da manyan motoci, gefen dama kuwa daga tsakuwar bakin hanya.

Fenti Hawa-Hawa Ne

A zamanin farko da buroshi ake shafa wa mota fenti, a jira makonni kafin ya bushe. Kamfanin Ford na Amurka, daga 1914 zuwa 1925, baƙi kaɗai ya ke shafa wa motarsa da ake kira Model T. A 1924 aka soma sayar da motoci masu wani fenti na kamfanin DuPont mai suna Duco, wanda ake fesawa ya bushe nan da nan, daga nan launuka suka yawaita. A farkon shekarun 1960 aka soma tsoma jikin mota ɗungum cikin tafkin fenti, a sa wutar lantarki ta manna shi ga ƙarfen ciki da waje. Daga shekarun 1980 kuma aka riƙa daɗa wani shafe marar launi a sama domin ƙyalli.

Saboda haka fentin motar zamani hawa 4 ne. Na ƙasa shi ne na tsoma, mai hana tsatsa. Bisansa akwai shimfiɗa, wadda masu fenti ke kira firaima, yawanci mai ruwan toka. Sa'an nan launi. Sa'an nan shafen ƙyalli, mai kamar gilashi, wanda ke kāre launin daga rana. Dukansu in an haɗa, kaurinsu kashi 1 ne cikin 10 na milimita ko ya ɗan ɗara, watau kamar kaurin fallen takarda. Shafen ƙyallin bai kai rabin wannan ba. Wanda ya riƙe wannan a ransa ba zai ɗora sanfefa bisa mota da ƙarfi ba.

Tsofaffin motoci, kamar yawancin Peugeot 504 da aka soma harhaɗawa a Kaduna a 1975, da motocin da aka sake wa fenti a gareji, sau da yawa launi da ƙyalli a haɗe suke cikin shafe ɗaya. Ana gane wannan in an goga ɗan folish da farin ƙyalle a wani lungu: in ƙyallen ya ɗauko launin motar, to, babu shafen ƙyalli daban.

Abin da Ke Sa Tabo Ya Fito Fili

Dalilai 3 ne ke sa ido ya kama tabo. Na farko bambancin launi: tokar firaima a jikin baƙar mota kamar tauraro ta ke, jan tsatsa a jikin fara kuwa kamar ɗigon goro a farar riga. Na biyu inuwa: tabo rami ne, bakinsa yana da kaifi, haske in ya faɗo sai ya yi inuwa a ciki. Na uku rashin ƙyalli: ƙura da busasshen folish kan taru a ramin su yi fari. Gyaran kirki shi ne wanda ya magance dukan ukun, ya daidaita launi, ya cike ramin, ya mai da ƙyalli.

Kafin a taɓa kome, sai a wanke wurin a duba zurfin tabon. In an jiƙa shi da ruwa ya ɓace, ya bushe ya dawo, to, shafen ƙyalli kaɗai ya taɓa, folish ya ishe shi. In an ga toka ko fari a gindinsa, ya kai firaima, yana bukatar launi amma ƙarfe bai buɗe ba. In an ga ƙarfe yana walƙiya, ko an ga ja, wannan shi ne mai gaggawa. Sai dai a lura, jan marmara da jan tsatsa abu ɗaya ne a asali, gama marmara ƙasa ce mai ƙarfe a ciki. Ƙurar marmara kan fita da jiƙaƙƙen ƙyalle, tsatsa kuwa ba ta fita sai an kankare.

Tsatsa tana samuwa ne in ƙarfe ya haɗu da ruwa da iska. Ta fi ƙarfen da ta ci girma, don haka ta kan ɗaga fentin da ke kewaye, ruwa ya ƙara samun hanya, ta yi ta rarrafe ta ƙarƙashi. Da rani iska a bushe ta ke, tsatsa ba ta sauri, wannan ne ke ruɗin mai mota ya zaci ba kome. Daga Yuni zuwa Satumba, balle Agusta, sai ta tashi haiƙan. Gishiri da takin zamani da fitsarin dabbobi suna ƙara mata ƙarfi, don haka motocin kasuwa masu ɗaukar buhuna da bisashe sun fi shiga haɗari. Motocin da aka shigo da su daga Turai kuma waɗansu sun riga sun sha gishirin da ake watsawa a hanyoyin can lokacin ƙanƙara. Akwai motocin da aka lulluɓe ƙarfensu da tutiya, kamar Golf ƙirar 1997 zuwa gaba. Waɗannan sun fi jimiri, amma tutiyar ma tana cinyewa in an bar ta a buɗe. Bamba ta roba ba ta tsatsa, tabonta muni ne kawai.

Neman Launin da Ya Dace

Fari ba ɗaya ba ne, haka baƙi. Kowane kamfani yana da lamba ga kowane launi, kuma lambar tana jikin motar. A motocin Toyota tana kan wata 'yar takarda a dogaran ƙofar direba, ko wani ɗan allo a ɗakin inji, bayan haruffan C/TR; misali 040 fari ne, 202 baƙi. A motocin Volkswagen, kamar Golf, takardar tana cikin but kusa da safaya, lambar kuwa da harafin L ta kan soma. A kwafe ta daidai, a kai wa mai haɗa fentin mota a Sakkwato ko Gusau ko Kano, ko a ba direban da ke zuwa can saƙo.

Amma ranar ƙasar nan tana ƙoɗar da fenti, ja da shuɗi sun fi saurin ƙoɗewa. Motar da ta shekara 15 a rana ba launin da ta fito da shi ke jikinta ba, wadda aka sake wa fenti kuwa lambar ba ta da amfani gare ta. Dabara ita ce a kwance murfin tankin mai na waje, a aika da shi, mai haɗa fenti ya gwada da idonsa. Ba a bukatar mai yawa. 'Yar kwalba kamar ta turare ta isa tabo ɗari, direbobi 2 ko 3 masu mota iri ɗaya suna iya haɗa kuɗi su saya tare.

Launuka ba su zama daidai wajen sauƙin gyara ba. Fari da baƙi da ja marasa ƙyalƙyali sun fi ɓoye gyara. Ruwan azurfa da sauran masu ƙyalƙyali sun fi wuya, domin a cikinsu akwai ɓarɓashin alminiyam wanda feshi kan kwantar da shi shafe-shafe. In aka ɗiga da hannu sai ya kwanta barkatai, wurin ya ɗan fi duhu. Mai irin wannan mota ya san haka tun da wuri, kada ya yi ta ƙara fenti yana neman abin da ba zai samu ba.

Lokaci da Kayan Aiki

Sau 2 a shekara ya kamata a bi mota tabo-tabo: kafin ruwa ya sauka, watau ƙarshen Afrilu ko Mayu, da kuma bayan ɗaukewarsa, Oktoba ko Nuwamba. Na farkon ya fi muhimmanci. A yi aikin da hantsi bai yi zafi ba, a inuwa, inda iska ba ta kaɗawa. Da bazara zafi a ƙasar nan ya kan wuce digiri 40, ƙarfen mota a rana ya fi haka nesa. Fenti in ya sauka bisa ƙarfe mai zafi sai ya bushe ta sama kafin ya kwanta. A ɗora bayan hannu bisa ƙarfen, in ya yi ɗumi da yawa a dakata. Ranar da hazo ya sauka ko iskar hunturu ke tashi ba ranar fenti ba ce. A ƙarƙashin itacen da tsuntsaye ke kwana ma ba wurin aiki ba ne.

Kayan su ne: ruwa mai tsabta da sabulu, tsummoki masu laushi na auduga, sifirit irin na kyamis, firaima, launi, shafen ƙyalli, tina kaɗan, tsinken sakace ko tsinken ashana da aka fiƙe, fensir mai magogi, sanfefa mai lamba 600 da mai lamba 2000, da folish. Lambar sanfefa in ta ƙaru, laushinta ne ya ƙaru.

Yadda Ake Aikin

1. A wanke wurin da ruwa da sabulu, a ɗauraye, a bari ya bushe sarai har cikin ramin. Sa'an nan a goge da sifirit domin a cire maiƙo da tsohon folish. Fenti ba ya kama wurin da ke da maiƙo.

2. In akwai tsatsa a kankare ta. A yanko ɗan guntun sanfefa mai lamba 600, a manna shi a kan magogin fensir, a murza cikin ramin kaɗai har ƙarfe ya yi haske. Bakin wuƙa mai tsini ma ya kan yi. Duk fentin da ya ɗago a gefe a cire shi, gama ƙarƙashinsa tsatsa ce. Akwai wani ruwa mai asid na fosforik da ake sayarwa domin kashe tsatsa, wanda kan mai da ita baƙa. In an samu, ɗigo ɗaya ya isa, a bi ƙa'idar da ke jikin kwalbar. A sake gogewa da sifirit.

3. Inda ƙarfe ya buɗe a ɗiga firaima da bakin tsinke, gwargwadon abin da zai rufe gindin ramin kawai. A bari ta bushe sosai, in da hali ta kwana. Inda firaimar asali ke nan, a tsallake wannan.

4. A girgiza kwalbar launi ƙwarai, a gwada ɗigo a wani lungu, kamar cikin leɓen ƙofa, a ga yadda zai bushe. In ya yi kauri a sassauta shi da tina kaɗan. Sa'an nan a tsoma bakin tsinke, a taɓa tsakiyar ramin, a bar fentin ya malala da kansa zuwa gefuna. Ba a shafawa, ɗigawa ake yi. Buroshin da kan zo a murfin kwalba ya yi girma, shi ne kan bar tulin fenti wanda ya fi tabon muni. In ya fita waje a share nan take da gefen ƙyalle.

5. A jira kamar rabin awa, a ƙara wani ɗigon. Fenti kan shanye in ya bushe, wurin da ya cika ɗazu sai a ga ya lotsa. Shafe 2 ko 3 marasa kauri sun fi guda mai kauri, domin mai kauri cikinsa ba ya bushewa. In motar mai shafen ƙyalli ce, a tsaya da launi ramin bai cika ba, a bar wa ƙyallin wuri.

6. Kashegari a ɗiga shafen ƙyalli, har ya ɗan ɗara fentin da ke kewaye kaɗan. In motar ba ta da shi, da launin za a cike. Daga nan a bar motar a inuwa yini guda kafin ta hau burji.

7. Wanda ya tsaya a nan ya riga ya tsare ƙarfensa, tabon kuma ya dusashe. Wanda ke son ƙarin kyau ya jira mako guda fentin ya taurare. Sa'an nan ya jiƙa sanfefa mai lamba 2000 a ruwan sabulu, ya naɗa ta a ɗan ƙaramin katako mai santsi, ya goga bisa tudun kaɗai, sannu-sannu, yana sharewa yana dubawa. Da yatsa ya ji wurin ya yi daidai, ya tsaya. Wurin zai yi dishi-dishi. Folish da ƙyalle mai laushi su ne za su mai da ƙyallinsa. A guji leɓe da kusurwa, gama fenti a nan ya fi sirantaka. Wanda hannunsa bai saba ba gara ya bar wannan mataki, kada garin neman gira a rasa ido.

8. Kada a shafa kakin goge mota bisa sabon gyara sai bayan wata guda.

Mai koyo ya soma da tabon da ke ƙasa, inda ido ba ya zuwa, ya bar na bisa bonet sai hannunsa ya faɗa.

Kurakuran da Aka Saba Yi

Waɗansu kan shafe mota da baƙin mai ko gas domin ta yi sheƙi ran kasuwa. Sheƙin na yini ɗaya ne, ƙura ta manne, maiƙon kuma ya shige ramuka ya hana fenti kamawa daga baya. Man birki kuwa cin fenti ya ke yi, in ya zuba a wanke da ruwa nan da nan. Fentin gida ba na mota ba ne, ba ya jure rana da wanki. Alƙalamin maka kan ɓoye tabo a baƙar mota kwana kaɗan, amma ba ya hana ruwa shiga. Manna hoto ko rubutu bisa tsatsa ɓoye ciwo ne, tana nan tana ci a ƙarƙashi. Fesa fentin gwangwani domin tabo guda kan bar faci mai faɗin tafin hannu wanda ake hangowa daga nesa. Share ƙura da busasshen tsumma kuma kamar goga sanfefa ne. A fara zuba ruwa tukuna.

In sabon tabo ya buɗe ƙarfe da damina, fenti kuwa bai samu ba, a busar da wurin a ɗiga man farce marar launi irin na mata, ko a murza kakin kyandir. Wannan na wucin gadi ne, sai an cire shi sarai kafin gyaran gaskiya.

A kiyaye lafiya. Tina da fenti suna kama wuta, tururinsu kuma yana sa jiri da ciwon kai. A yi aiki a sarari, nesa da murhu da taba. Kada a zuba su cikin kwalbar lemo ko ta ruwan sha, a kuma ajiye su inda yara ba su kai.

Inda Aikin Gida Ya Ƙare

Tabon da ya fi farcen ɗan yatsa faɗi, da wurin da fenti ya kumbura kamar ƙuna, da inda ƙarfe ya lotsa ko ya huje, duk aikin mai gyaran bodi ne. Haka kuma in tabon ya yi yawa har ba a iya ƙirgawa, ɗige-ɗige ba zai yi kyau ba, sai a sake fesa wannan ɓangare. Mai mota ya tsaya ya ga an kankare tsatsa har ƙarfe ya yi fari kafin a rufe. Wanda ya lulluɓe ta da fila, damina ɗaya za ta tona shi. Tabon gilashin gaba kuwa maganinsa daban ne, akwai wani ƙaro da ake ɗura masa. Kafin a samu, a rufe shi da salatif domin ƙura, kada kuma a watsa ruwan sanyi bisa gilashi mai zafi, gama nan ne tsaga kan miƙe.

Rigakafi

Rigakafi ya fi magani, kuma ba ya cin kuɗi. Bisa burji a rage gudu. A bar rata tsakani da motar gaba, aƙalla ta daƙiƙa 3, watau mita 50 ga mai tafiyar kilomita 60 a awa. Bayan tifa ko babbar mota a ninka. Ran Alhamis da motoci kan yi jerin gwano zuwa kasuwar Shinkafi, wanda ya manne wa na gabansa ba ya riga shi isa, tsakuwa da ƙura kawai ya ke sha. In babbar mota na tahowa a sassauta, a ɗan raɓa dama. A rataya roba bayan kowace taya, wannan ya tsare gindin motar, ya kuma tsare na baya. Masu ɗaukar yashi da tsakuwa su rufe kayansu da tamfol. Bayan an ratsa fadama a wanke lakar gindin ƙofofi da ta bayan tayoyi tun ba ta kwana biyu ba.

Akwai kuma wata leda mai kauri marar launi da ake mannawa a gaban mota. Asalinta sojan Amurka aka yi wa ita a shekarun 1960, domin kāre fukafukan jirage masu saukar ungulu daga yashi. Tana aiki sosai, amma tana da tsada, kuma sai a manyan birane ake samun masu manna ta. Ga mafi yawan masu motocin ƙasar nan, rage gudu da 'yar kwalbar fenti su ne abin dogara. Masu babura ma wannan bayani ya shafe su, gama tankin babur ƙarfe ne mai fenti kamar na mota.

Ana fata shugabannin tasha da na ƙungiyoyin direbobi a Sabon Birni da Isa da Burkusuma da sauran garuruwa za su tunatar da mutanensu wannan aiki kowace shekara kafin ruwan farko. Wanda ya karanta kuma ya bayyana wa wanda bai karanta ba.